Maƙalar Mako: Kafin Ka Saya wa Tsohuwar Motarka Shokazoba

 

A wannan makon za mu ɗan ajiye zancen adabi mu leƙa ƙarƙashin mota. Cikinmu akwai masu sha'awar tsofaffin motocin gudu, irin su BMW E36 da E46, da Golf GTI, da Honda Prelude, da Toyota Celica. Wanda ba shi da ita ma yana da aboki ko ƙani mai ita, ko kuma ya taɓa zama a kujerarta ta baya ranar ɗaurin aure. Saboda haka maganar ta shafe mu duka.

Ga yadda abin yake tafiya. Saurayi ya sha wahala ya tara kuɗi, ya sayi motar da ta kusa zama sa'arsa a shekaru. Kuɗin farko ya tafi wurin mai fenti, na biyu ya tafi wurin rim, na uku ya tafi wurin salansa mai ƙara da kayan sauti. Idan aka zo kan shokazoba, wanda a gareji ake taƙaitawa da shok, sai ka ji an ce wa makanike, "Oga, a duba mana na Beljiyam mai ɗan dama-dama." Wanda aljihunsa ke da nauyi kuma sai ya shiga intanet ya yi odar mafi tauri da mafi gajarta, a dasa motar a ƙasa har cikinta yana shafar kwalta. Ra'ayinmu shi ne waɗannan mutum biyu duk sun bar hanya. Shok ɗin da ya dace da tsohuwar motar gudu a ƙasar nan shi ne sabo, na kamfanin da aka sani, mai tsawo irin na asali, wanda aka zaɓa domin titin da motar ke bi kullum. Bari mu kawo hujjojinmu.

Da farko mu fahimci aikinsa, domin mutane da yawa sun ɗauka shi ke ɗauke da nauyin mota. Sifirin ne ke ɗauke da nauyi. Amma sifirin ba shi da haƙuri: idan ka danne shi ka sake, zai yi ta tsalle sama da ƙasa sai ya gaji. Aikin shok shi ne ya kashe wannan tsallen. A cikinsa akwai mai da fistan mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da taya ta motsa, sai fistan ɗin ya tilasta wa man bi ta waɗannan ƙofofi, ƙarfin tsallen ya koma zafi ya fice ta jikin ƙarfen. Shi ya sa idan ka taɓa shok bayan tafiya a kan gargada za ka ji shi da ɗumi.

Me wannan ke nufi ga direba? Abin da ke haɗa mota da ƙasa bai wuce wuri huɗu ba, kowanne bai fi faɗin tafin hannu da yawa ba. Birki ta nan yake bi, sitiyari ma ta nan yake bi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Idan taya ta yi tsalle ta saki ƙasa na kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai, motar ta tafi kusan mita 3 ba tare da wannan tayar ta amsa birki ko sitiyari ba. Mita 3 ya isa ya raba wanda ya tsaya a bayan Keke Napep da wanda ya shige cikinta. Ko na'urar ABS ba ta da abin yi da tayar da ke iska. Ashe shok kayan tsaro ne, a sahu ɗaya yake da birki da taya.

Matsalarsa ita ce a hankali yake mutuwa. Direba yana sabawa da lalacewar kullum kaɗan-kaɗan, har ya ɗauka halin motar ke nan. Amma alamomi suna nan ga mai lura: gaban mota ya riƙa durƙusawa idan an taka birki, bayanta ya riƙa lilo bayan an haye tudun rage gudu, ta riƙa kwanciya gefe a kwana, tayoyi su riƙa cinyewa tabo-tabo, mai ya jiƙa jikin shok ɗin ƙura ta manne masa. Kamfanin Monroe na Amurka yana ba da shawarar a sauya shok idan ya yi kilomita 80,000. To E36 an ƙera ta ne daga 1990 zuwa 2000, E46 kuma an daina yin ta a 2006. Sai mu yi lissafi da kanmu mu ga sau nawa motar da ta zo daga Turai a tsufe, ta kuma yi shekaru tana yawo tsakanin Kano da Kaduna, ta ninka wannan adadin.

Wannan ya kawo mu kan na Beljiyam. Ba mu raina kasuwar kayan da aka yi amfani da su ba. Ba don Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna da Apo ta Abuja da Ladipo ta Legas ba, da rabin motocinmu suna kan dutse. Ƙofa, madubi, fitila, rim, giya, kai har inji ma, ana samun na kirki a can, wani lokaci ya fi sabon da ke cikin kwali. Sai dai akwai kayan da cinyewa suke yi da aiki, kamar takalmin birki da taya, kuma shok yana cikinsu. Ba shi da agogon da ke nuna kilomita nawa ya yi. Wanda aka kwance daga motar da mai ita ya yar a Jamus, sau da yawa shekarunsa ɗaya da wanda kake son cirewa. Gwajin da ake yi a kasuwa, a dafa shi da hannu a ga yana dawowa, yana nuna cewa akwai sauran iska ko mai a ciki ne kawai. Hannun mutum ba ya iya motsa shi da saurin da rami ke motsa shi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wanda ya fi wannan muni shi ne shok ɗin da aka huda aka ɗura masa wani man, aka toshe, aka fesa masa baƙin fenti. Kowane kamfani yana auna kaurin man da faɗin ƙofofin fistan su dace da juna. Idan aka zuba wani man daban, sai ya yi tauri mako biyu mai mota ya yi ta murna, daga nan robar da ta riga ta gaji ta sake saki. Wani kuma tauri yake yi a gefe ɗaya, ɗayan gefen ya yi laushi, motar ta riƙa jan gefe a daidai lokacin da aka fi bukatar ta tsaya cak. Araha ba ta ado, a nan kuwa har rai takan ci.

Yanzu mu juya kan ɗan uwanmu mai kuɗi, wanda zai ce, "Ai motar gudu dole ta zama a ƙasa, ƙafarta ta yi tauri." Maganarsa tana da gaskiya a inda aka yi ta. Sauke mota yana rage kwanciyarta a kwana, kuma a filin tsere mai santsi hakan riba ce. Kayan da yake gani a bidiyo an gwada su ne a wurare irin Nürburgring ta Jamus. A Jamus ɗin ma ba a sake ake yi ba: mota tana zuwa gwajin lafiya duk shekara biyu, kuma wanda ya sauke motarsa sai kayan da ya sa sun zo da takardar amincewa. Mu kuma titinmu na da ramuka, da tudun rage gudu da mutanen unguwa suka gina da kansu ba tare da awo ba, da gefen kwalta da damina ta cinye. Taya tana bukatar wurin da za ta hau sama idan ta haɗu da tudu, da wurin da za ta sauka idan ta haɗu da rami. Duk santimitan da ka sauke motarka, daga wannan wurin ka yanke shi. Idan wurin ya ƙare, ƙarfe ne zai daki ƙarfe, kuma bugun zai wuce kai tsaye zuwa jikin motar.

Tsohuwar mota kuwa jikinta ba ya jure wannan. Masu E36 a duk duniya sun san raunin robar saman shok ɗin baya, da yadda ƙarfen da ke riƙe da ita kan tsage. Masu E46 sun san tsagewar ƙasan motar a inda ƙafar baya take ɗaure, da kumburin ƙarfen da ke saman shok ɗin gaba idan ya sha duka. Motar da take da irin wannan rauni tun a kan titi mai kyau, ita ce za ka ɗaura wa ƙafa mai tauri ka shiga da ita lungunan Kurna ko Rigasa? Ban da wannan ga kaskon baƙin mai a ƙasan inji, dutse ɗaya ya ishe shi. Masu yanke sifirin da injin yanka ko su gasa shi da wuta don mota ta sauka kuwa, su nasu ya wuce kuskuren zaɓe, ganganci ne. Sifirin ɗin da aka yanke zai iya ficewa daga mazauninsa idan taya ta sauka rami, wanda aka gasa kuma ƙarfensa ya riga ya mutu.

Idan ana neman shaidar cewa gudu a kan mummunar hanya ba da tauri ake yin sa ba, ba sai mun je nesa ba. Iyayenmu sun san Peugeot 504, wadda kamfanin PAN ya yi shekaru yana haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Abin da ya sa ta yi suna a Afirka shi ne ƙafarta mai laushi mai doguwar tafiya sama da ƙasa. Kuma ita ce ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1975 a hannun Ove Andersson, sannan samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6 ya sake lashewa a 1978 a hannun Jean-Pierre Nicolas. Motar da ta fi kowa sauri a kan hanyoyin Kenya a waɗannan shekaru tsayi gare ta, kuma tayoyinta suna bin ƙasa duk inda ta lanƙwasa. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

To wanne za a saya? Shok iri biyu ne a ƙira. Akwai mai bututu biyu, wanda shi ne a yawancin motoci tun daga kamfani. Ya fi sauƙin kuɗi, ya fi laushi, kuma idan dutse ya ɗan lotsa bututun waje yakan ci gaba da aiki. Rauninsa shi ne idan ya yi zafi sosai a doguwar gargada man yakan yi kumfa, ƙarfinsa ya ragu. Akwai kuma mai bututu ɗaya, wanda aka raba man da iskar naitirojin mai matsi da wani fistan na daban. Bafaranshe de Carbon ne ya fito da dabarar, kamfanin Bilstein na Jamus ya raya ta, Mercedes-Benz ta fara sa ta a motocinta a 1957. Wannan ya fi fitar da zafi kuma ba ya kumfa, abin da ke da amfani a zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri. Sai dai ya fi tsada, ya ɗan fi tauri, kuma lotsawa ɗaya a jikinsa tana iya kashe shi.

Kamfanonin sun raba kayansu daki-daki, kuma sanin wannan rabon shi ne rabin ciniki. A Bilstein, B4 baƙi shi ne madadin na asali. B6 rawaya ya fi riƙo amma tsawonsa na asali ne. B8 an gajarta shi domin sifirin ɗin da aka ƙera gajere, saboda haka wanda bai sauke motarsa ba, ba shi da hurumi da shi. A KYB ta Japan, Excel-G mai bututu biyu ne madadin na asali, Gas-a-Just kuma mai bututu ɗaya ne. Koni ta Holan tana da Sport rawaya, wanda ake iya murɗawa a ƙara masa tauri ko a rage. Sachs, wanda ke ƙarƙashin kamfanin ZF, yana cikin masu yi wa BMW shok tun daga masana'anta.

Shawararmu a fili take. Motar da ake zuwa aiki da kasuwa da ita, a sa mata Sachs ko B4 ko Excel-G. Mai ita zai yi mamakin yadda za ta dawo, domin galibin masu cewa ƙafar asali ta cika laushi ba su taɓa tuƙa motar da sabon shok ba, matacce suka gada. Wanda ke yawan doguwar tafiya kuma yana son ƙarin riƙo, ya ɗauki B6 ko Koni Sport, ya bar sifirin ɗinsa na asali. Koyiloba kuwa, wato shok ɗin da ke zuwa da sifirin ɗinsa da zaren ɗagawa da saukewa, a bar wa motar da aka ware domin filin wasa. Musamman a guji masu arha marasa suna da ake talla da cewa suna da matakin murɗawa talatin da wani abu. Yawan mataki ba ya nuna inganci, kuma idan ɗaya ya fashe ba za ka samu ɗan uwansa a kasuwa ba.

Sayen ma yana da ƙa'ida. A tafi da lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, domin mota mai silinda 4 da mai 6 ba nauyinsu ɗaya ba a gaba, kuma wasu an sauke su kaɗan tun daga kamfani. A duba lambar da ke jikin shok ɗin ta yi daidai da ta kwali da ta shafin kamfanin a intanet, domin jabu ya iya kwali. A saya wurin wanda zai ba da rasiɗi ya kuma yarda a dawo masa da kaya. A sauya biyu-biyu, na gaba tare, na baya tare. A haɗa da robar sama, da 'yar robar da ke hana ƙarfe dukan ƙarfe, da rigar da ke kare sandar shok daga ƙura. Wannan rigar ba ta da tsada, amma ƙurar hunturu idan ta samu sandar a buɗe, ita ke cinye robar da ke riƙe mai. A duba bushin ɗin ƙafa a lokaci guda, domin sabon shok ba ya gyara bushin da ya mutu.

Ga iyayen gidanmu makanikai kuma, muna roƙo da girmamawa. Kada a kama sandar shok da filaya, domin ƙarzuwa ɗaya ta isa ta sa ya fara yoyo. Kada a ɗaure notin bushin tamau mota tana rataye a kan jak, a bari sai nauyinta ya sauka a kan tayoyi. A yi amfani da abin matse sifirin na gaskiya, domin sifirin da ya kuɓuce yana karya hannu da muƙamuƙi, kuma sau da yawa yaron gareji ne a wurin. Bayan an gama a kai motar a daidaita mata tayoyi. Kai kuma mai mota, tsayawa a kan aikinka ba raini ba ne ga oga. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Mun san abin da ke zuciyar wasu tun ɗazu: kuɗi. Gaskiya ne, tun da darajar naira ta faɗi a 2023 duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, kuma sabon shok guda huɗu nauyi ne a kan matashi. Ba mu musa ba. Amma a lissafa har da tayoyin da mataccen shok ke cinyewa, da kuɗin aikin da ake biya sau uku a kan na Beljiyam uku. Idan huɗu ba za su samu lokaci guda ba, a fara da biyun da suka fi lalacewa, sauran su biyo baya wata mai zuwa, a kuma rage gudu kafin nan. Idan har akwai kuɗin rim mai inci 18 da salansa, to akwai kuɗin shok, jerin ne aka juya. Wanda kuma ya duba ya ga ba zai iya riƙe ƙafar motar gudu ba, babu abin kunya idan ya sayar da ita ya sayi wadda zai iya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Akwai mai cewa motarsa ce, ransa ne, ina ruwan wani. Da a filinsa shi kaɗai yake tuƙi da mun yi shiru. Amma titin da yake bi shi ne na 'yan makaranta, da almajirai, da mai baro, da 'yar talla. Waɗannan motoci su ne a gaba a ayarin biki, cike da abokan ango, wani lokaci har da ƙannen amarya. Dokar hanya ta ƙayyade wa ƙaramar mota kilomita 100 a babban titi da 50 a cikin gari, amma ko a kan wannan gudun, motar da tayarta ke tsalle ba ta tsayawa inda direba ya nufa. Idan abu ya faru sai mu ce tsautsayi ne. Mun yi imani da ƙaddara, amma addininmu ya koya mana riƙo da sababi, kuma man da ke tsiyaya a jikin shok wata shida kafin hatsari gargaɗi ne da aka gani aka kau da kai.

Saboda haka ga ɗan aikin da muke ba kowa a wannan makon. Ka ɗauki tocila ka durƙusa bayan kowace taya ka duba ko akwai jiƙon mai. Ka shafa tayar ka ji ko ta cinye tabo-tabo. Ka danna kowace kusurwar motar da ƙarfi ka sake, idan ta yi lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, ka kai ta wurin mai aikin ƙafa. Idan kai fasinja ne, ka tambayi abokinka yaushe rabonsa da sauya shok, ko da zai ji haushi.

Masu irin waɗannan motoci da makanikan da ke cikin zauren nan, muna jiran gyara da ƙarin bayani daga gare ku, musamman wanda ya yi shekara ɗaya ko fiye da ɗaya daga cikin kayan da muka ambata a kan titunanmu. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya kai kowa gida lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.